Ganin Ido Ba Ya Rubuta Littafi

Aikin hulɗa da jama'a sana'a ce mai cinye masu baiwa a hankali, ba tare da kowa ya lura ba. Ka shiga ofishin kakakin wata ma'aikata ko banki ko kamfanin sadarwa, ka ɗan zauna da mutanen ciki, za ka tarar da yawansu ba haka kawai suka faɗa aikin ba. Wannan tun yana sakandare yake rubuta waƙa, waccan ita ce tauraruwar wasan kwaikwayo a jami'a, wancan kuwa in ya riƙe fensir sai ka rantse hoto ya ɗauka. Baiwar ce ma ta sa aka ɗauke su, domin aikin yana son mai iya sarrafa magana. Sai shekaru su ja, a wayi gari mai waƙar nan ba abin da yake rubutawa sai sanarwar manema labarai, da jawabin da oga zai karanta a wurin taro, da saƙon taya murna da na ta'aziyya, duk da sunan wani.

Wasunsu sukan farga. Wata rana mutum ya buɗe akwati yana neman takardar shaidar makaranta, sai ya ci karo da tsohon littafin waƙoƙinsa, ƙirjinsa ya buga, ya ƙudura cewa zai koma. Ina murna da duk wanda ya yi wannan niyya, domin baiwa amana ce, kuma neman abinci bai isa hujjar binne ta ba. Sai dai akwai wata cuta da kan biyo irin waɗannan mutane daga ofis har ɗakin kwanansu, ta kashe abin da suka dawo rayawa. Cutar ita ce ganin ido.

Kada a ɗauka ina zagin sana'ar ne. Masu cewa kakaki maƙaryaci ne mai albashi ba su yi adalci ba. A Najeriya aikin yana da cibiyarsa, NIPR, wadda aka kafa a 1963, kuma dokar 1990 ta ba ta ikon tantance masu yin sa. Wanda ya tuna yadda jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, da irin lallashi da bayanin da aka sha yi ta bakin sarakuna da malamai da gidajen rediyo kafin iyaye su sake miƙa 'ya'yansu, ya san cewa iya magana da jama'a yana ceton rai. Amma sana'ar tana da ɗaya fuskar. A 1929, a birnin New York na Amurka, Edward Bernays, wanda ake lissafawa cikin iyayen wannan aiki, ya shirya wasu mata suka fito cikin jerin gwanon bikin Ista suna zuƙar taba a bainar jama'a, aka ce alamar 'yancin mata ce. Jaridu suka ɗauka. A bayan fage kuwa kamfanin taba ne ya biya shi don mata su shiga sahun masu saye. Da mai ceton rai da mai tallar taba, tambaya ɗaya sana'ar ta koya musu su riƙa yi kafin komai: yaya mutane za su kalli wannan?

A ofis tambayar tana kan hanya, don ita ake biyan ka. Matsalar ita ce wanda ya shekara goma ko ashirin yana yin ta safe da yamma, ba ya iya ajiye ta a bakin ƙofa.

Na san wata baiwar Allah, jami'ar hulɗa da jama'a a wani babban kamfani, wadda ta yanke shawarar komawa ga rubutun ƙagaggen labari bayan ta daɗe da bari. Ta sayi littafin rubutu mai kyakkyawan bango. Kafin ta rubuta shafi biyu ta jera shi a kan tebur da biro da kofin shayi, ta gyara labule don haske ya faɗo daidai, ta ɗauki hoto ta sa a Instagram, ta rubuta cewa littafinta na nan tafe. Kafin la'asar saƙonni sun cika waya: "Ma sha Allah, Hajiya, muna jira!" "Anti, a ajiye mini kwafi." Ta kwana cikin farin ciki. Mako na gaba ta sa wani yaro ya zana mata bangon littafin, har ta fara tunanin zauren da za a yi bikin ƙaddamarwa da wanda zai zama babban baƙo. Labarin kansa yana nan a shafi na biyu. Ba raguwa ba ce, mace ce da kan kai sha biyun dare tana gyara jawabin oga. Abin da ya faru shi ne ta karɓi ladan tun kafin ta yi aikin, yunwar da ya kamata ta zaunar da ita a kan tebur kuma yabon mutane ya riga ya kashe ta.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan hali na zuciya. A fagen ibada sunansa riya, kuma sun tsoratar da mu a kansa ƙwarai. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware masa babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya haɗa shi da son girma a idon mutane. Ba ina cewa wanda ya sa hoton zanensa a Facebook ya yi zunubi ba, hukuncin ibada daban ne. Amma tushen ɗaya ne: zuciya ta bar aikin ta koma leƙen masu kallo. Kuma yadda riya ke ɓata sallar da ruku'unta da sujadarta suka cika, haka ganin ido ke ɓata rubutun da nahawunsa ba shi da aibu.

Nan ne ma ɓarnar ta fi tsanani, a cikin rubutun kansa. Wanda ya saba da harshen sanarwa ya saba da goge duk wani kaifi. A sanarwa ba a korar ma'aikata, ana sake fasalin ma'aikata ne. Ba a yin kuskure, ana fuskantar ƙalubale. Kullum shugaba yana jaddada aniyarsa, yana kira ga jama'a da su ba da haɗin kai. To, ka ba mai wannan hannu labari ya rubuta. Zai kawo maka uwar miji wadda ba ta da mugunta sosai, da ɗan kasuwa mai ha'inci amma cikin ladabi, da matar aure da ke shan wuya ba ta taɓa jin haushin kowa ba. In ya zo wurin da ya kamata ya faɗi abin da ya gani da idonsa a gidan da ya tashi, sai hannunsa ya tsaya. Kada dangi su ce da su ake. Kada oga ya karanta ya ga kamar shi ne Alhajin cikin labarin. Kada wani ya yanko layi ɗaya ya watsa, a ce kakakin kamfani kaza ne ya rubuta. Sai ya sassauta, ya sake sassautawa, har labarin ya zama ba mai jin ciwonsa, ba kuma mai tuna shi. Ya bar ofis don ya huta da gyaran sunan wasu, ga shi ya zauna yana gyaran sunan kansa.

Za a iya ce mini, ai fasaha ba ta taɓa rabuwa da masu kallo ba. Makaɗan fada fa? Ibrahim Narambaɗa ya yi rayuwarsa yana yabon Sarkin Gobir na Isa, a gaban jama'a, kuma ana ba shi doki da riga. In ana neman kakan masu gyaran suna a ƙasar Hausa, ai ba za a wuce makaɗi da maroƙi da sanƙira ba. Wannan gaskiya ne, kuma ina ganin hujja ce a gare ni. Sarkin da aka yi wa waƙoƙin ya daɗe da rasuwa, kyautar ta ƙare, amma har yau ana sauraron Narambaɗa, ana nazarinsa a jami'o'i. Abin da ya rage shi ne wahalar da ya sha a kan kalma, yadda ya auna ta da kiɗa har ta zauna daram. Mai kallo bai hana shi yin aikin ba, domin aikin ne a gaba, kallo yana biye. Ganin ido shi ne a juya wannan tsari, kallo ya shige gaba, aiki ya biyo baya in ya samu dama.

Ba kuma sai mutum ya bar aikin albashi ba. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma koyarwa yake yi sa'ad da ya rubuta Shaihu Umar. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya riƙe muƙamin daraktan yaɗa labarai na gwamnatin tarayya, aikin da ya yi kusa ƙwarai da wanda muke magana a kai, bai kuwa daina fitar da littattafai ba. Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Chinua Achebe. Yana ma'aikacin gidan rediyo a Legas ya rubuta littafinsa na farko da hannu, a lokacin da ya saura masa bayan tashi daga aiki. Kwafi ɗaya tak gare shi, ya aika da shi Landan don a buga masa da tafireta, masu bugun suka karɓi kuɗi suka yi watsi da shi wata da watanni. Sai da shugabarsa a wurin aiki, Angela Beattie, ta je Landan hutu ta taka har ofishinsu ta yi musu magana, sannan suka yi aikin. Littafin, Things Fall Apart, ya fito a 1958. Duk tsawon lokacin da yake rubuta shi, mutumin da muryar aikinsa ke shiga gidajen jama'a kullum yana zaune ne shi kaɗai da takarda, ba mai tafa masa.

Irin wannan zama ne yake yi wa ɗan hulɗa da jama'a wuya, domin an horar da shi cewa abin da ba a gani ba kamar ba a yi shi ba ne. Shawarata gare shi ita ce ya ware abu ɗaya a rayuwarsa da ba zai tallata ba sai ya kammalu. In bayan sallar asuba ne yake da sarari, ya ba shi wannan lokacin, waya tana wani ɗaki. Ya yarda ya rubuta shafi mara kyau, domin a nan ba wanda zai kira shi ya ce, "Malam, oga ya ce a janye." In ya gama, kafin ya nemi mai zana bango, ya nemi mutum ɗaya wanda ba ya cin abinci a hannunsa, ba ya kuma jin nauyinsa, irin tsofaffin marubutan da ake samu a zaman karatu na ƙungiyoyin marubuta, wanda zai iya duban idonsa ya ce, "Ranka ya daɗe, babi na uku bai yi ba, ka ɓoye abin da ya kamata ka faɗa." Zai ji zafi, kuma hannunsa zai yi ƙaiƙayin rubuta martani, domin kare kai daga suka shi ne abin da ya fi ƙwarewa a kai. Ya haƙura da martanin, ya koma babi na uku.

Ranar da littafin ya kammalu da gaske, sai ya fito da duk abin da ya koya a ofis: ya rubuta sanarwa mai kyau, ya kira 'yan jarida, ya kama zaure, ya gayyaci babban baƙo. Marubuta nawa ne a Kano da Zariya da Sakkwato suka yi aiki mai kyau ya mutu a kantin littattafai don ba su san yadda ake wannan ba? In ya ga dama ma, bayan ya gama da nasa, ya taimaka wa ɗaya daga cikinsu.