Kwanan Hanya da Zancen Zuci

A wannan fitowar ina so mu ɗan tattauna a kan wata tambaya da ta daɗe tana cina a rai: mutum ya zauna shi kaɗai yana zancen zuci, ba aiki yake ba, ba zikiri yake ba, shin ɓata lokaci ne, ko kuwa wani haƙƙi ne da ransa ke da shi a kansa?

Abin da ya tono mini ita ba wani babban abu ba ne. Ɗana ne ya nuna mini a wayarsa wata Baturiya 'yar Amurka da ta mayar da ƙaramar bas ɗaki, da katifa da risho a ciki, tana yawo ita kaɗai wata da watanni. Inda dare ya riske ta nan take tsayawa, ta dafa shayi, ta zauna tana kallon duwatsu tana ta saƙe-saƙe. Da farko dariya na yi, na ce wannan ai ƙoshi ne ya yi yawa. Amma da na kwanta sai na kama kaina ina jin wani abu mai kama da ƙyashi. Yau shekara talatin ke nan da aurena, ban tuna ranar da na yi awa guda cur ba wanda ya kira sunana ba.

Kwanan hanya dai ba baƙonmu ba ne. Fatake sun yi ta tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro, tafiyar watanni, kullum yamma a sauke kaya a ya da zango. Har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Akara sunan Zango suke amsawa. Sai dai su ayari suke yi, da madugu a gaba, domin sun san daji ba ya tausayin mutum ɗaya. Addini ma haka ya koyar. Akwai hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Umar wanda a cikinsa Annabi (SAW) ya yi gargaɗi a kan tafiyar dare mutum shi kaɗai, mu mata kuwa maganar muharrami sananniya ce. Saboda haka ba ina cewa wata ta ɗauki makullin mota ta shiga duniya ba ne. Tambayata a kan abin da waccan matar ta je nema ne, wato shiru da sarari.

Bari in ba ku labarin maigidana. Lokacin da yake tuƙi, wajen 2004, ya ɗauko lodin rogo daga kasuwar Batsari zai kai Dutsin-ma. Tsakanin Batsari da Safana fambel ya tsinke ana gab da magariba. Yaron mota ya bi wata mota don nemo wani, bai samu dawowa ba sai da safe. Malam ya shimfiɗa tabarma a gefen mota, wata Bafulatana daga rugar da ke kusa ta kawo masa fura da nono, ya yi sallar isha, ya kwanta yana kallon taurari. Ya ce babu irin tunanin da bai yi ba: kuɗin taya, wani jakin babansa da ya mutu tun yana yaro, ko taurarin nan su ne ake gani a Makka. Can cikin dare sai tunanin ya gangaro kan kuɗin adashena da ya ara shekara biyu, wanda duk lokacin da na yi maganarsa sai ya haɗe rai. Da ya dawo, tun bai cire takalmi ba ya ce, "Uwargida, ki yafe ni, na zalunce ki." Ni da na yi shekara biyu ina magana ban samu wannan kalmar ba, daren da babu mai yi masa magana ne ya samo mini ita.

Abin lura shi ne bai kwanta da niyyar yi wa kansa hisabi ba. Da jaki da taya ya fara. Shi ya sa ban yarda da masu raba tunani gida biyu ba, su ce wannan tafakkuri ne mai lada, wancan kuma shirme ne. Zuciya kamar ruwan da aka ɗebo daga rafi take, sai an ajiye shi ya kwanta kafin a ga abin da ke ƙasa, kuma yayin da yake kwanciya ba za ki ga alamar wani aiki ba. In muka hana kanmu shirmen, sau da yawa mun hana kanmu abin da ke biye da shi.

Amma fa akwai haɗari, kuma duk wadda ta taɓa kwana ita kaɗai ranar girkin kishiya ta san shi. Shirun da ya sa Malam ya tuna haƙƙina, shi ne kuma kan sa mace ta ɗauki kalma ɗaya da uwar miji ta faɗa ta yi ta juya ta har ta zama gaba. Nan zancen zuci ya koma wasiwasi da zargi. Ni dai ma'aunina ɗaya ne, abin da kika taso da shi. In kin tashi kina jin sauƙin yi wa mutane magana, zaman ya yi amfani. In kin tashi da sabon laifin da kika ƙulla wa wani ba tare da ya yi komai yau ba, to gara da kin tashi kin yi wanke-wanke.

Kuma kaɗaici mai kyau ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Annabi (SAW) ya kan keɓe a kogon Hira kafin wahayi, amma yana komawa wajen Nana Khadija ya ɗauki guzuri. Malam ma ya samu yin tunani ne don an ba shi fura, kuma bai ji tsoron wadda ta ba shi ba. To ita mai haɗa guzurin, wa ke haɗa mata nata? Matan Annabi sun yi i'itikafi, ba maza kaɗai aka san suna bukatar keɓewa ba.

Inda kunya ta kama ni shi ne da na tuna wannan hanyar yadda ta koma. Bayan da 'yan bindiga suka yi sansani a Dajin Rugu, kwanan daji ya sake ma'ana a wajenmu. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, mace ta aika mijinta kasuwa ba ta da hanyar jin ko ya isa. Ƙanwar mahaifiyata ta sha kwana a cikin gonar dawa da jikoki uku, hannunta a bakin ƙaramin kada ya yi kuka. Taurarin da Malam ya kalla su ta kalla. Na tambaye ta me take tunani a irin wannan dare, ta ce, "'Yar nan, wa ya ga ta tunani? Kunne kawai nake kasawa." Ashe shi zancen zucin ma sai da aminci ake yinsa.

Na yi ta tambayar kaina ko ya dace in nemi shiru alhali wasu barci ma bai samu gare su ba. Daga baya na ga hana kaina ba zai ƙara wa Inna barci ba. Yanzu tana wurinmu a Katsina. Bayan asuba, kafin yara su tashi, nakan kifa turmi a tsakar gida in zauna kamar minti ashirin ba carbi ba rediyo. Kwanan baya ta fito ta same ni, ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna kusa da ni, ba wadda ta ce uffan. Da gari ya fara haske sai ta ce wai tana ta tunanin wata akuyarta mai kunne ɗaya da ta bari a ƙauye.