Ɗana, Auna Ƙafarka Kafin Ka Sayi Keke

Ɗana, na ji kana shirin sayen keken doguwar tafiya, irin wanda ake ɗaura wa kaya gaba da baya a yini a kan hanya. Madalla. Amma kafin fenti ya ja idonka, duba firam, domin komai na keke ana iya canzawa, ban da shi.

Keken zuwa kasuwa yana yafe kuskuren awo, na nisan zango ba ya yafewa. In kana juya feda sau 70 a minti, a awa ɗaya gwiwarka ta lanƙwasa sau 4,200. Ƙaramin kuskure, in aka maimaita shi daga Kano zuwa Zariya, ciwo yake zama.

Cire takalmi, ka jingina da bango, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka, wani ya auna maka da tef ɗin tela daga saman littafin zuwa ƙasa. Kashi biyu cikin uku na wannan awo shi ne kimanin tsayin firam ɗinka, daga tsakiyar gindin feda zuwa bakin bututun sirdi. Mai santimita 81 ya nemi firam mai 54.

Sannan ka gwada da jikinka. Ka haura keken, ƙafafu biyu a ƙasa: ƙarfen sama ya bar maka sarari na yatsu biyu ko uku. Ranar da ka taka birki a gangare da kaya niƙi-niƙi, za ka gode wa wannan sarari. Hau sirdi, ɗora diddige a feda tana can ƙasa. Ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Kama kan keken: in sai ka miƙe hannu sarai kafin ka kai, firam ya yi maka tsawo, wuya da kafaɗa za su biya. In gwiwa tana neman taɓa kan keken, ya yi maka kaɗan.

Mai sayarwa zai ce, “Ai sai a ɗaga sirdi.” Kada ka yarda. Sandar sirdi tana da layin iyaka; in ka zaro ta fiye da shi, ko ta karye ko ta fasa firam. Mai sayarwar zai kuma rage maka kuɗi a kan wanda bai dace da kai ba. Araha ba ta ado, ɗana.

Ka ɗaura kaya a kariya, ka zagaya unguwa na rabin awa, ka saurari bayanka da gwiwarka. In sun yi shiru, biya kuɗin. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya.