AMANAR ISAR DA LABARI RANAR GOBARA: NASIHA GA MATAN KARKARA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi wani abu da muke gani duk shekara a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, amma ba kasafai ake yi mana wa'azi a kansa ba. Da zarar an gama kaka, an tara kara da harawa a bayan gida, rumbuna sun cika, iskar hunturu ta taso daga gabas maso arewa, to lokacin gobara ya kama. Tambayata ita ce: idan wuta ta taso daga daji ta nufo gari, wa zai gaya wa matan da ke cikin gida? Kuma idan an gaya mana, mun san abin da addini ya ɗora mana a wannan sa'a?

Abin da na gani da idona

Wata shekara na kai ziyara wurin gwaggona a wani ƙauye na ƙasar Wurno, ranar kasuwa ce. Maza wasu sun tafi kasuwa, wasu suna fadama wajen ban ruwan albasa. Wasu yara masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawa wuta a bayan gari, iska ta kwashe ta. Mu da ke cikin gida ba mu san komai ba, sai dai mun ji ƙaurin hayaƙi muka ɗauka wani ne ke ƙona shara. Wata yarinya mai tallar ƙuli ce ta faɗo gidan tana haki, ta ce wuta ta kama dangar gidajen gabas.

Gwaggo ta ce kowa ta ɗauki ɗanta a fita. Sai wata amarya a gidan da ke maƙwabtaka ta tsaya a bakin ɗaki tana kuka, ta ce: "Inna, mi za ni yi? Maigida bai nan, kuma bai ba ni izinin fita ba." Gwaggo ba ta tsaya doguwar magana ba, ta ce: "Ɗiyata, taho. In ya dawo ni ya tambaya." Ta kamo hannunta muka fita. A ranar an yi asarar rumbuna da awakin da ke ɗaure a turke, amma Allah Ya tsare rayuka. Da mijin ya dawo, godiya ya yi ta yi wa gwaggo har da hawaye.

Tun daga ranar abin yake damuna. Wannan baiwar Allah biyayya take nufi, kuma niyyarta kyakkyawa ce, amma rashin sani ya kusa halaka ta. Kuma garin gaba ɗaya ya rataya ne a kan ƙafar yarinya guda mai talla. Da ba ta biyo ta nan ba fa?

Darasin tururuwa

Ku buɗe Suratun Namli, aya ta 18. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba mu labarin wata tururuwa da ta hango rundunar Annabi Sulaimanu (AS) ta nufo kwarinsu. Ba ta shige raminta ita kaɗai ta tsira ba, sai da ta ɗaga murya ta gargaɗi 'yan'uwanta. Malaman tafsiri sun ja hankali a kan tsarin maganarta: ta kira waɗanda abin ya shafa, ta faɗi abin da za su yi, wato su shiga gidajensu, ta faɗi haɗarin da ke tafe, sannan ta yi wa rundunar uzuri cewa ba da saninsu za su tattake su ba. Annabi Sulaimanu (AS) ya yi murmushi da jin wannan magana, ya gode wa Ubangijinsa. 'Yar'uwa, wannan shi ne cikakken gargaɗi: gajere, bayyananne, babu ƙari, babu zargin kowa.

Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya kwatanta kansa da mutumin da ya ga rundunar abokan gaba da idonsa, ya rugo ya gargaɗi mutanensa. Wasu suka yarda, suka fita tun da dare a tsanake suka tsira. Wasu suka ƙaryata shi suka zauna, rundunar ta auka musu da asuba. Duk da cewa misalin a kan saƙon Annabci yake, ai ba a buga misali sai da abin da hankali ya yarda da shi. Mai gargaɗi yana da hakki, wanda aka gargaɗa ma yana da nasa.

Abu Musa (RA) ɗin ne kuma ya ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina. Da aka gaya wa Annabi (SAW), sai ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce gare mu, ya yi umarni a riƙa kashe ta idan za a kwanta. To kaskon wutar da muke shiga da shi ɗaki saboda sanyi, da garwashin da muke bari a murhu kusa da danga, da jarkar fetur da ake ajiyewa a ɗakin kwana, duk suna ƙarƙashin wannan umarni.

Shin mace za ta fita ba da izini ba?

Amsa ita ce e, za ta fita, kuma wajibi ne ta fita. Shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya, kuma rai yana gaban dukiya. Neman izinin miji kafin fita hukunci ne na lokacin zaman lafiya. Idan wuta ko ruwa ko mahara suka zo, larura ta shigo. Malamanmu na Malikiyya sun halatta wa ko da mai takaba ta bar gidan da take zaune idan ta ji tsoron rushewarsa ko wata cuta a kanta, balle wadda ba ta cikin takaba. Wadda take salla ma ta ga wuta za ta cim ma yaro, sai ta yanke sallar ta cece shi, ta sake daga baya. Idan hijabi yana kusa ki ɗauka, idan ba ya kusa ki yafa zanen da ya samu ki fita, kada ki koma cikin hayaƙi nemansa.

Wata za ta ce ai wanda ya mutu a gobara ko a ruwa shahidi ne. Gaskiya ne hadisi ya zo da haka, kuma muna yi wa waɗanda suka rasu ta wannan hanya kyakkyawan zato. Amma wannan bushara ce ga wanda abin ya rutsa da shi, ba izini ba ne na a zauna a jira wuta. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Suratul Baƙara, aya ta 195. Sayyidina Umar (RA) da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, ya nuna cewa gudun ma yana cikin ƙaddarar Allah. Ina roƙon kowace ta zauna da maigidanta tun yau su yi wannan magana, ya furta mata da bakinsa cewa ranar haɗari ba ta buƙatar jiran kowa, domin zuciyarta ta natsu.

Ba wuta kaɗai ba

Mutanen yankinmu ba su manta da ambaliyar watan Satumba na 2010 ba, lokacin da ruwa ya yi yawa a madatsar Goronyo, Gulbin Rima ya cika ya batse, ya ci garuruwa da gonaki tun daga Goronyo da Wurno har zuwa Kware da Wamakko, ya yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Dubban mutane sun bar gidajensu. Mutanen Rabah kuma suna bakin gulbin da ke gangarowa daga madatsar Bakolori, don haka su ma duk damina kunnensu na kan labarin ruwa. Ko hukuma ta yi sanarwa a rediyo, ko ta aika wa uban ƙasa da hakimai, saƙon bai isa ba sai ya shiga har cikin ɗakin tsohuwa da mai jego.

Sannan a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, mu na gabas muna ciki. Wannan ya koya mana cewa wayar hannu tana iya yin shiru a ranar da aka fi buƙatarta. Lasifikar masallaci, da mai shela, da ƙafar maƙwabciya, ba a yar da su.

Labarin ƙarya ma gobara ne

Allah Ya umarce mu da bincike kafin aiki da labari a Suratul Hujurati, aya ta 6. A Suratun Nisa'i, aya ta 83 kuma, Ya zargi masu yayata duk wani labarin tsoro ko na aminci da ya zo musu, maimakon su mayar da shi ga shugabanni masu sanin yadda za a tantance shi. Anas (RA) ya ba da labarin wani dare da mutanen Madina suka firgita da wata ƙara. Kafin su fita, Annabi (SAW) ya riga su, ya hau dokin Abu Ɗalha ba sirdi, ya je ya duba, ya dawo ya kwantar musu da hankali. Ya duba da kansa tukuna, sannan ya yi magana.

Yau sai ka ga an turo hoton gobarar wata ƙasa ko muryar shekara uku da ta wuce a WhatsApp, an ce yanzu abin ke faruwa. Mata su kwashi yara a guje, mai ciki ta faɗi, gida ya zama kango ɓarawo ya shiga. Gobe kuma in gaskiyar ta zo, babu mai motsawa. Amma a lura: idan kin ga hayaƙi da harshen wuta da idonki, bincike ya ƙare, sai sanarwa. Idan kuma za ki aika murya, ki faɗi sunan gari da rana da lokaci, da ko ke kika gani ko gaya miki aka yi.

Abin da za mu yi tun kafin ranar

Muna da gado a wannan aiki. A Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, 'yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta zauna ta karantar. Ita ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, dattawan mata amintattu, suna ɗaukar karatu daga wurinta suna kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu. Babu waya, babu mota, amma saƙo yana isa. To ga shawarata ga kowace makarantar Islamiyya ta matan aure:

1. A raba unguwa gida goma-goma, kowane rukuni a ba shi dattijuwa ɗaya da mataimakiya. Su za su buga ƙofa, su kuma za su san inda tsoho da makaho da kurma da mai jego suke.

2. A nemi maza su daidaita da liman da mai unguwa a kan sanarwar lasifika, da wata alama da kowa ya sani in babu lantarki, kamar buga ƙarfe ba tsayawa. Kada yara su yi wasa da ita.

3. Saƙo ya ƙunshi abu huɗu: me ya faru, a ina, ina ya nufa, ina za a taru.

4. A zaɓi matattara tun yanzu. Ta gobara, fili marar ciyawa, kamar filin Idi ko na makaranta in an share shi. Ta ambaliya, tudu. A can kowace uwa za ta ƙirga 'ya'yanta, a kuma ƙirga almajiran da ke gari, don su ne aka fi mantawa.

5. Wuta tana bin iska, kuma ta fi gudu in tana hawa tudu. Kada a gudu a gabanta ta inda iska ke kaɗawa, a ratsa gefe. A rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, a sunkuya, domin hayaƙi yakan kayar da mutum kafin wuta ta iso shi.

6. A kwance dabbobi in da hali. Katin shaida da takardun asibiti da na makaranta su zauna a jaka guda kusa da ƙofa. Wadda ta fita kada ta koma don kwalla ko kayan ɗaki.

7. In wuta ta kama tufa, a kwanta a yi birgima, kada a ruga. Yadin roba yana narkewa ya manne a fata. A zuba wa ƙuna ruwa mai tsabta na kimanin minti 20, ban da ƙwai ko man goge baki, sannan a nufi asibiti. Wutar fetur ko ta mai kuwa ba a zuba mata ruwa, sai ƙasa.

8. A share ciyawa kewaye da rumbuna da dangogi tun farkon hunturu, a ja wa yara kunne a kan cinna wa daji wuta. In da layi, lambar 112 kyauta ce don neman agajin gaggawa.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, idan waɗanda abin ya shafa suka sauka a garinmu, mu tuna yadda mutanen Madina suka karɓi masu hijira. Tabarma da zane da kwanon tuwo a irin wannan rana sadaka ce mai girman lada. Kuma kada gaba ko kishi su hana ki buga ƙofar wata. Ko shekara kuka yi ba ku gaisa ba, ranar wuta ita ce farkon wadda za ki kira, domin Allah Ya gaya mana a Suratul Ma'ida, aya ta 32, girman ladan wanda ya ceci rai guda.

Allah Ya tsare mu da gobara da ambaliya da sharrin mahara, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.