Ƙauye ko Bakin Gari: Ina Zaman Sauƙi Yake?

Akwai wata magana da ba ta tsufa a bakin mutanen arewa mazauna Kumasi. In ɗawainiya ta yi wa mutum yawa, kuɗin haya ya zo, kuɗin makaranta ya biyo baya, sai a ji yana cewa shi kam zai tattara ya koma ƙauye ya huta. Wani kuma ba ƙauye ne a ransa ba, fili yake so ya saya can bakin gari, ya gina nasa, ya ja katanga, ya rabu da hayaniya. Su biyun abu ɗaya suke nema, wato zama mai sauƙi, inda mutum zai ci, ya sha, ya kwanta ba bashi a wuyansa, ya kuma sami lokacin iyalinsa da na sujada. Buri ne mai kyau. Abin tambaya shi ne, wane wuri ne yake taimakon mutum ya kai gare shi?

Bantama wuri ne da ya dace a auna wannan tambaya, gama ita kanta ta taɓa zama ƙaramin gari a bayan Kumasi. Can ne ake ajiye ƙasusuwan sarakunan Asante na dā, sarkinta kuwa babban sarkin yaƙi ne. Turawan Ingila suka rushe wurin ajiyar a 1896, shekarar da suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya. Daga nan birni ya yi ta girma har ya haɗiye ta. A shekarun 1950 aka gina babban asibitin da yanzu ake kira Komfo Anokye, wanda mutanen gari suka saba ce masa "Gee", daga sunan kamfanin da ya gina shi. Manyan zanguna, su Aboabo da Asawase da Sabon Zango, suna ɗaya gefen birnin, amma a Bantama ma akwai 'yan arewa cikin ɗakunan haya, Frafra da Kusasi da Dagomba da sauransu, Kirista da Musulmi, da yawansu kuwa Hausa ce take haɗa su a kasuwa. Kusan kowannensu yana da ƙauyen da ya baro.

Masu yabon ƙauye ba ƙarya suke yi ba. A ƙauyukan wajen Bolgatanga ko Bawku, mutum ba ya biyan haya. Ɗakinsa na ƙasa ne, shi da danginsa suka gina. Gero da dawa suna rumbu, zabi da awaki suna tsakar gida, kaɗanya ta ba da mai, ɗorawa ta ba da daddawa, kuka ta ba da miya. Abin da ido zai gani ya yi kwaɗayi ba shi da yawa. Ƙasar Gana ma ta taɓa ganin amfanin ƙauye a fili. A 1983, shekarar fari da gobarar daji, Nijeriya ta kori baƙi, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida cikin 'yan makonni, ƙauyukansu da danginsu ne suka karɓi yawancinsu.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Damina ɗaya ce a arewa, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, watannin da suke gaban girbi kuwa rumbu yakan zama fanko. Sau da yawa in aka buɗe madatsar ruwa ta Bagre a Burkina Faso wajen ƙarshen damina, gonakin bakin kogi sukan nutse. Taki da maganin feshi da man babur duk da kuɗi ake sayensu. Mai naƙuda da dare tana iya rasa ranta a hanya. Sa'an nan akwai abin da namiji yakan manta sa'ad da yake tuna daɗin ƙauye: ruwan da ya sha da itacen da aka dafa masa tuwo, a kan wata mace suka zo gida. Sauƙin da ya ji, wuyan wata ne ya biya. Duk wanda ya tsaya a kasuwar Bantama ko Kejetia zai ga amsar da ƙauye ya bayar da kansa, wato 'yan matan nan masu dako da kwano a ka, waɗanda ake kira kayayei. Rabin sunan ma Hausa ne, daga kalmar kaya, sauran rabin daga harshen Ga. Yawancinsu daga ƙauyukan arewa suka zo, da dama kuwa a bakin shago suke kwana. Ba wanda yake barin hutu ya zo ya yi wannan. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum 57 cikin 100 na ƙasar a birane suke zaune. Ya kamata dai a raba talauci da sauƙi, gama mai zaman sauƙi ya ga abu ne ya ce ya ishe shi, matalauci kuwa ba a tambaye shi ba.

To, yaya zaman Bantama? Tsohon gidan haya a Kumasi ɗakuna ne jere kewaye da tsakar gida, kowane iyali da ɗaki ɗaya ko biyu. Famfo ɗaya, wurin girki ɗaya, makewayi ɗaya, in ma akwai, in babu sai na unguwa da ake biya. Ba aljanna ba ce. Zo mu zauna, zo mu saɓa: akwai layin wanka da asuba, akwai gardamar kuɗin lantarki a ƙarshen wata. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma abin da aka saba shi ne mai gida ya nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Kome saye ake yi, daga gawayi har ruwa, saboda haka sa'ad da tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen 2022, mazaunin ɗakin haya ba shi da rumbun da zai fake a ciki.

Duk da haka wannan gida yana koya wani abu. Ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar tarkace, dole mutum ya zaɓi abin da zai ajiye. Ba lalle kowace mace ta mallaki turmi ba, na maƙwabciya yana nan. Uwa takan tafi kasuwa ta bar yaro, idanu goma suna kansa. Mai koko da ƙosai tana bakin lungu, mai waakye, wato shinkafa da wake, tana gaba kaɗan. Adashi, wanda a can ake kira susu, yana tara wa mutum abin da shi kaɗai ba zai iya tarawa ba. Asibiti, da kasuwa, da majami'a, duk da ƙafa ake zuwa. A nan ne ƙauye da tsohuwar unguwa suka yi kama da juna: a duka biyun akwai abubuwa da yawa da mutum yake mora ba tare da ya mallake su shi kaɗai ba. Mafi yawan sauƙin zama daga nan yake fitowa.

Akwai kuwa kaya ɗaya wanda ƙauye da birni ba su sauke wa kowa ba, shi ne idon jama'a. Ba inda ake ganinsa kamar wurin jana'iza. Ranar Asabar a Kumasi ranar makoki ce. Akan kafa rumfuna har a tare hanya, a sa baƙaƙe da jajayen tufafi, a ɗauko makaɗa, a riƙa faɗin sunan mai gudummawa da abin da ya bayar ta lasifika. Gawa takan yi makonni, wani lokaci watanni, a ɗakin sanyi na asibiti ana biya, domin a jira na ƙasashen waje, a yi wa gida fenti, a ɗinka anko. Gwauruwa takan fito daga makoki da bashin da zai bi ta shekaru. Masu bi suna cikin wannan dumu-dumu, alhali maƙwabtansu Musulmi na zango sukan binne nasu a ranar, da likkafani fari, ba wanda ya ce sun rena mamacin. Wanda yake tsammani ƙauye zai cece shi daga wannan bai tuna da kyau ba. A ƙasar Frafra da rani ake yin babban makoki, da dabbobi da giyar dawa da hatsi mai yawa, wani akan ɗage shi shekaru har iyali su tara abin yi. Wanda yake Kumasi ma ba ya tsira, saƙo yana iske shi ta waya, ta waya kuma zai aika da kuɗin. A birni mutum yana iya cewa ba shi da hali, ya ɓace cikin taro. A ƙauye, inda kowa ya san yawan awakin kowa, faɗin haka ya fi wuya ƙwarai.

Wannan ne yake sa mutane su juya ga hanya ta uku, wato sababbin unguwannin bakin gari, ta wajen Abuakwa, ko Pankrono, ko Ejisu. A ganinsu can za su haɗa shirun ƙauye da amfanin birni. Abin da yakan faru akasin haka ne. Duk abin da dā ake tarayya a kansa, yanzu sai mutum ya sayi nasa: rijiyarsa, tankinsa, injin wutarsa, katangarsa, ƙofar ƙarfensa, karensa. Wanda ya sha duhun 2015, lokacin ɗauke wutar nan da ake kira dumsor, ya san nawa mai yake ci. Aiki yana cikin birni, saboda haka tun da duhu zai fita ya kama trotro, motar haya ke nan, ya shiga cunkoso, ya dawo yara sun yi barci. In ya gaji da wannan sai ya ci bashin mota. Yaro ya yi zazzaɓi da dare, ba ƙofar da za a buga, gama maƙwabci ma yana bayan tasa katangar. Idon jama'ar da ya gudu kuma bai rabu da shi ba, don shi ne ma aka ƙara wa katangar tsawo aka yi mata ado. Cikin wuraren nan uku, wannan ne ya fi wuyar yin zaman sauƙi, ko da yake shi ya fi kama da shi daga nesa.

Akwai kuma hakkin wani a ciki. Yawancin ƙasar Asante a hannun sarakuna take, su ne suke riƙe ta a madadin jama'a. Sa'ad da birni ya matso, akan yanka gonaki a mai da su filayen gini, manomin da ya gāji noman wurin kuwa sau da yawa ba ya samun abin kirki. Filin da wani ya saya don ya huta, gonar rogon wani ce jiya. Ɗan manomin nan shi ne gobe zai zo Bantama neman ɗakin haya.

Gidajen bakin gari da yawa ba a gama su ba. Bulo-bulo ake gina su, wani ya yi shekara goma ba rufi. Masu waɗansu suna Jamus ko Ingila ko Amurka, irin waɗanda mutanen Kumasi suke kira boga, daga sunan birnin Hamburg. Don kada ɓarayi su kwashe siminti da rodi, akan nemi mai tsaro, sau da yawa ɗan arewa da iyalinsa, a ba shi ɗaki ɗaya da aka rufa da kwano. Ba ya biyan haya. Yakan shuka masara da kuɓewa a inda za a ajiye motoci, ya saki kaji, matarsa ta ɗebo ruwa a rijiyar gidan. Mai gidan yana can yana aikin dare cikin sanyi domin ya aiko da kuɗin tagogi, ran da aka sa tagogin kuwa za a ce wa mai tsaro ya nemi wani wuri.