Wallahi Ba Ni da Ko Sisi

A garejojin Kurmin Mashi, gefen titin Nnamdi Azikiwe da ya zagaye Kaduna ta yamma, da wuya ciniki ya faɗa ba a ambaci sunan Allah ba. Bakanike ya kwance kafireto, ya wanke shi da fetur a gwangwani, ya hura ramukansa da baki, ya mayar, sannan ya yanka kuɗin aikinsa. Mai mota ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi, Oga, ba ni da ko sisi." Alhali ga 'yan dubu-dubu nannaɗe a aljihun wandonsa.

Idan ƙamus za a bi, mutumin nan bai yi ƙarya ba. Sisi kuɗin Ingila ne, kwabo shida, rabin sule. Najeriya ta bar fam da sule ranar 1 ga Janairun 1973 ta koma naira da kwabo. Sunan ya ɗan laƙe wa kwabo biyar, shi ma ya ɓace. Ingilar kanta ta janye sisinta a 1980. Yau ko attajirin da ya fi kowa kuɗi a Kaduna zai iya rantsewa ba shi da sisi. To, wa ke da ikon faɗin ma'anar kalma ke nan: littafin da ya adana asalinta, ko mutanen da ke ciniki da ita?

Malaman usulu sun daɗe da shiga wannan magana. Sun ce kalma tana da ma'anar lugga, da ta al'ada, da ta shari'a. Misalinsu sananne shi ne dabba: a asalin Larabci duk abin da ke tafiya a doron ƙasa dabba ne, har mutum, amma al'ada ta taƙaita ta ga masu ƙafa huɗu. A babin rantsuwa na Muhtasar ɗin Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Zariya da Kano, niyya ake fara dubawa, sai dalilin da ya jawo rantsuwar, sai yadda mutane suka saba amfani da kalmar. Lugga a baya take zuwa. Niyyar ma ba ta ceton mai motarmu, domin hadisin da Muslim ya ruwaito ya ɗora rantsuwa a kan abin da abokin magana ya fahimta, idan haƙƙinsa ya shiga ciki. Bakanike ya ji "ba ni da kuɗi", kuma haka aka so ya ji.

Wani zai ce ai suɓutar baki ce kawai. Shafi'iyya za su saurare shi, amma a wajen Imamu Malik rantsuwar da ba a kama mutum da ita ita ce wadda ya yi yana zaton gaskiya ya faɗa. Ta ƙarya da gangan kuwa ko kaffara ba ta da ita, sai tuba.

Unguwar Kurmin Mashi ba ta rasa kalmomi irin su sisi ba. Maƙwabciyar tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshi ce, wadda aka buɗe a 1964, kuma kurtu, kofur, saje da samanja duk Turancin fareti ne da bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Razdan da Di'o sun bi muƙamansu kabari. Bariki kuwa ta yi tafiyar da Bature bai san da ita ba. Shi wurin kwanan soja yake nufi. A nan, wanda ya kira matar aure 'yar bariki ya ci mutuncinta, kuma ba alƙalin da zai sallame shi don ya ce gidan soja yake nufi.

Akwai masu damuwa da asali ta wata fuskar. Mai faci, wanda wasu ke kira bokanaiza, sunansa ya fito ne daga dabarar gasa roba da farar wuta da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844, aka kuma laƙaba mata sunan Bulkan, gunkin wuta na Rumawa. Janairu da Maris ma sunayen gumakansu ne. Sai dai yaron da ke tsoma tif a bahon ruwa yana neman inda kumfa ke fita bai taɓa jin labarin Bulkan ba, balle ya girmama shi. Ko a kan Alƙur'ani an yi irin wannan muhawara: Shafi'i ya ƙi yarda akwai baƙuwar kalma a cikinsa, shi kuwa Suyuɗi, wanda ya taɓa aika wa Sarkin Katsina wasiƙa, ya tara kalmomin da ya ce asalinsu Farisanci ne ko Habashanci, Larabawa suka mayar da su nasu.

Inda gizo ke saƙar shi ne al'ada ba ta ɗaure wanda bai san ta ba. Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1285, ya gargaɗi mai fatawa da ya tambayi al'adar garin baƙo kafin ya ba shi amsa. A wajen masu kayan gyara, "ɗan Beljiyam" na nufin tsohon kaya da aka ciro daga wata mota a ƙasar waje, ko daga ina ya zo. Direban tasi ya san haka, cinikinsa ya inganta. Amma malamar makaranta da ta sayi motarta ta farko za ta iya biya tana zaton sabon kaya ne daga Turai. Mai shagon da ya ga alamar haka a fuskarta ya yi shiru ya ɓoye aibin haja, kuma a fiƙihun Malikiyya tana da damar mayar masa da kayansa ta karɓi kuɗinta.