Wa Ke Biyan Kuɗin Tsawon Bene?

Legas, wadda tsofaffi ke kira Ikko, ruwa ya matse ta. Teku na kudancinta, tabki ya ratsa tsakiyarta, jiharta kuma ita ce mafi ƙanƙantar faɗi a Najeriya, alhali mutanenta sun haura miliyan goma nesa ba kusa ba. Garin da ya tsinci kansa cikin wannan hali hanya biyu gare shi, ko ya yi sama ko ya yi gefe. Legas ta bi duka biyun. A Ikoyi da tsibirin Victoria benaye na rige-rigen tsawo, a can gefe kuwa gidaje sun malale har Ikorodu, sun tsallake iyakar jiha zuwa Sango Ota da Mowe da Ibafo cikin Ogun.

An saba ɗaukar tsawon nan alamar ci-gaba, malalar kuma alamar rashin tsari, kamar babu abin da ya haɗa su. Tarihin Maroko bai yarda da haka ba. Unguwar talakawa ce da ke jingine da tsibirin Victoria. A watan Yuli na 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya ba mazaunanta wa'adin kwana bakwai, sannan aka turo motocin rusau. Mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni a tsakiyar damina. Hujjar hukuma ita ce wurin kwari ne mai ambaliya, bai dace da zaman ɗan Adam ba. Da aka cike shi da yashi sai ya dace, ya shiga sahun filaye mafi tsada a ƙasar. Kaɗan daga waɗanda aka tasa sun sami ɗakuna a Ilasan da Ikota, sauran suka watsu bayan gari. Wato hannun da ya ɗaga benen shi ne ya tura gefen birnin gaba.

Nan tambayar take: nisa zalunci ne? Mai kare kasuwa zai ce babu wanda aka ƙwace wa ko kwabo, kowa ya zauna inda aljihunsa ya kai shi. Sai dai akwai wani kuɗi da ba ya shiga takardar haya. Magini ko mai shara da ke kwana a Mowe yana aiki a Ikoyi, tun kafin kiran assalatu yake fita, ya bi cunkoso, ya hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, bai komo ba sai ƴaƴansa sun yi barci. Awoyin nan daga ransa ake yankarsu, kuma ba a mayar da su. Mai kwana a hawa na goma sha biyar, minti goma tsakaninsa da ofis, da su ya sayi hutunsa ko bai sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka ma ba ta bar zancen ga kasuwa kaɗai ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, domin amfanin jama'a duka. Wanda aka ba amanar gādo ba shi da ikon fifita magajin da ya fi ƙiba. Duk da haka, da aka tashi ƙirƙiro sabuwar ƙasa, aka kwaso yashi daga teku aka shimfiɗa Eko Atlantic, fili mai kusan murabba'in kilomita 10 da katangar duwatsu ke kare shi daga igiyar ruwa, ba don mutanen Maroko ko jikokinsu aka zana shi ba.

Kada a ɗora laifin a kan bene. Garin da ya ƙi yin sama gonaki da fadamu yake ci, ya ƙara wa talaka nisa. A Singafo kusan kashi 80 cikin ɗari na ƴan ƙasa cikin dogayen benen da hukuma ta gina suke zaune. Legas kanta ta taɓa gwada irin wannan: Lateef Jakande, gwamna daga 1979 zuwa 1983, ya gina dubban gidajen bene masu rahusa, ma'aikata da ƙananan ƴan kasuwa suka shiga. Ba su da tsawon burgewa, yau da yawansu sun tsufa, fenti ya koɗe, amma mai koyarwa a firamare ya iya mallakar ɗaya. Abin dubawa ke nan a kowane bene, wa aka bari ya hau. Har da wa yake ƙarƙashinsa in ya faɗi: ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya rufta, mutum fiye da 40 suka mutu, akasarinsu leburori da masu aikin hannu.

Hukuma ta soma rage nisan. Jirgin ƙasa na cikin gari ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a 2023, wani layin daga Agbado zuwa Oyingbo ya biyo baya a 2024. Abin yabo ne, ko da yake a 2022 an hana kabu-kabu a ƙananan hukumomin da benayen suke, aka toshe wa dubban ƴan ci-rani hanyar abinci.

Cikin waɗannan ƴan ci-rani akwai matasan Adar da Gobir da Damagaram, masu gadi da turin ruwa da ɗaukar kaya. Mai gadi shi kaɗai ne talakan da ya tsira daga doguwar tafiyar safiya, domin a gindin benen yake kwana, cikin ɗan ɗakin bakin ƙofa. Da sharaɗi aka ba shi wannan kusanci: ya zo shi kaɗai. Matarsa da ƴaƴansa na can wani ƙauye bayan Tawa ko Madawa, yana ganinsu in damina ta faɗi, ko kuwa sai Babbar Salla.