DARASI: ƘAYAR DA BA A CIRE BA

Abin karantawa: 2 Korintiyawa 12:1-10, Yohanna 9:1-7

Gabatarwa

'Yan'uwa, da wuya a sami ikilisiya wadda babu makaho, ko gurgu, ko kurma, ko wani mai ciwon da ya ƙi jin magani a cikinta. Waɗansu cikinsu sun yi shekaru suna roƙon warkarwa, dattawa kuma sun ɗora musu hannu, amma jiki yana nan kamar dā. Sai mutum ya shiga tambayar kansa da dare: Ko Allah ya ƙi ni ne? Ina amfanina a cikin gidansa? Darasinmu na yau domin amsa wannan tambaya ne. Abin da za mu koya kuwa shi ne, Allah ba ya jira sai ya warkar da mutum tukuna kafin ya sa shi aiki.

1. Naƙasa ba hukunci ba ce

Sa'ad da almajirai suka ga mutumin nan da aka haifa makaho, ba su tambaya yadda za a taimake shi ba. Abin da suka nema su sani shi ne wanda ya yi laifi, ko shi ko iyayensa. Haka mu ma muke yi, mukan ce alhaki ne, ko sammu, ko bakin wani. Amma Ubangiji Yesu ya kawar da zancen laifi sarai, ya nuna musu cewa a jikin mutumin nan za a ga aikin Allah. Saboda haka kada mai bi ya ƙara wa ɗan'uwansa nauyin zargi a bisa nauyin ciwo.

2. Addu'ar da aka amsa ta wata hanya

Shi wannan makaho an buɗe masa ido. Manzo Bulus kuwa ba a cire masa nasa ciwo ba. Ya gaya wa Korintiyawa cewa shekara 14 kafin ya rubuta musu an ɗauke shi har sama ta uku, ya ji abin da ba a yarda wa mutum ya faɗa ba. Domin kada ya yi girman kai, sai aka ba shi wani abu mai zafi da ya kira ƙaya a jiki. Bai faɗi sunan ciwon ba, wannan kuwa alheri ne gare mu, gama kowane mai shan wuya yana iya sa nasa a wurin.

Sau uku ya roƙi Ubangiji a raba shi da ita. Ubangiji bai yi shiru ba, bai kuwa tsauta masa a kan ƙarancin bangaskiya ba. Ya sanar da shi cewa taimakon da yake ba shi kyauta zai wadace shi, kuma a wurin marar ƙarfi ne ikon Allah yake bayyana sosai. Ku lura fa, roƙon warkarwa ba laifi ba ne, rashin samunta kuma ba shaida ba ce cewa mutum ba shi da bangaskiya.

3. Rauni ya zama ƙofar aiki

Waɗansu a Korinti sun rena Bulus, suna cewa wasiƙunsa ne masu ƙarfi, amma shi kansa ba shi da kwarjini, maganarsa kuma ba a bakin kome take ba. Duk da haka ku duba Galatiyawa 4:13-14. Can ya tuna wa mutanen Galatiya cewa ciwon jiki ne sanadin da ya fara yi musu wa'azi, su kuwa ba su ji ƙyamarsa ba, suka karɓe shi da daraja. Ashe ciwon da ake gani zai tsai da bishara, shi ne ya kai ta inda ba ta kai ba. Haka kuma Musa ya kawo hanzarin nauyin baki. Allah bai janye kiransa ba, sai ya haɗa shi da Haruna ɗan'uwansa, ya aike su wurin Fir'auna.

Ba a zamanin manzanni kaɗai aka ga wannan ba. An haifi Fani Kurosbi a ƙasar Amurka a 1820, ta makance tun tana jaririya. Tun tana yarinya ta haddace sassa masu yawa na Littafi Mai Tsarki, daga baya ta zama malama a makarantar makafi ta Niyok. Kafin ta rasu a 1915 ta tsara waƙoƙin sujada fiye da 8,000, waɗansu kuwa an juya su cikin harsuna da yawa. Rubutun makafi kuma, mai ɗige-ɗigen da ake karantawa da yatsa, wani yaro makaho ne Bafaranshe, Luwi Birel, ya ƙago shi a 1824 yana ɗan shekara 15. A nan ƙasarmu an buɗe makarantar yara makafi a Gindiri a 1953, domin su ma su iya karatu da sana'a, su karanta Maganar Allah da hannunsu.

4. Hakkin ikilisiya

Bulus ya kwatanta ikilisiya da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, ya ce gaɓoɓin da ake gani raunana ne, su ne ba a iya yi in ba tare da su ba (1 Korintiyawa 12:22). Idan haka ne, ba sadaka kaɗai muke bin naƙasassu ba. Mu ba su wurin zama a tsakiyarmu, mu ba su aiki kuma. Makaho mai murya ya bi da waƙa. Gurgu mai sani ya koyar a makarantar Lahadi. Tsohuwar da ba ta iya fita a kai mata sunayen waɗanda za ta riƙa yi wa addu'a. Inda matakalar ɗakin sujada take hana mai keke shiga, samari su gyara ƙofar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma ɗan'uwa mai ƙaya a jiki, ci gaba da roƙo, ka nemi magani inda ake samu. Amma kada ka ajiye baiwarka kana jiran ranar warkewa. Mai Cetonmu kansa ya tashi daga matattu da tabon ƙusa a hannuwansa, da su kuwa ya kawar da shakkar Toma.

Tambayoyi

1. Me ya sa almajirai suka fara da neman mai laifi? Mu ma mukan yi haka?
2. Wace amsa Bulus ya samu bayan roƙonsa na uku?
3. Ta yaya ciwon Bulus ya amfani mutanen Galatiya?
4. Wa ya daina zuwa sujada a cikinmu saboda raunin jiki? Wa zai je ya gaishe shi a makon nan?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ka san ƙayar kowane ɗayanmu. Warkar da wanda ka nufa ka warkar, ka ba sauran ƙarfin ɗauka. Gafarta mana inda muka rena 'yan'uwanmu, ka koya mana mu yi aikinka tare da su. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.